Ɓatan Susan Powell: Labarin da har yau ba a ga ƙarshen sa ba

Duk wanda ya saba kallon finafinan mu na Hausa ya san yadda ake rufe labarin mugun miji. Saura minti biyar fim ya ƙare sai ka ji jiniya, 'yan sanda biyu su faɗo falo da ankwa, a nuno alƙali ya na gyara tabarau, a karanto hukunci, mugu ya fashe da kuka ya na cewa sharrin Shaiɗan ne. Shikenan sai sunayen 'yan wasa su fara hawa. Ɗan kallo ya miƙe ya kaɗe rigar sa, zuciyar sa wasai. Na daɗe ina ganin wannan salon a matsayin lalaci irin na marubutan mu. To amma a wani dare na hunturu, irin wanda iskar fadama ke kaɗowa ta hana mu zaman majalisa a Gesse, na kalli wani fim na tarihin gaskiya da tashar Oxygen ta Amurka ta fitar a 2019 a kan wata mata mai suna Susan Cox Powell. Wallahi sai ga ni ina jiran waɗannan 'yan sandan biyu da ankwar su. Har aka gama ba su shigo ba. Kuma ba laifin darakta ba ne, domin a zahiri ma ba su taɓa shigowa ba.

Susan ta ɓace daga gidan mijin ta a daren Lahadi, 6 ga Disamba, 2009, ta na da shekara 28 da 'ya'ya biyu maza. Daga ranar zuwa yau ba a gan ta ba, ba a ga gawar ta ba, kuma ba a gurfanar da kowa a kotu kan ɓatan ta ba.

An haife ta a ranar 16 ga Oktoba, 1981, ta tashi a garin Puyallup da ke jihar Washinton, can arewa maso yammacin Amurka. Iyayen ta, Chuck da Judy Cox, mabiya cocin Mormon ne. A ƙarshen shekarar 2000 ta haɗu da Joshua Powell, wanda kowa ke kira Josh, ɗan cocin su. Ba a ja zancen da nisa ba, a Afrilu 2001 aka ɗaura aure a birnin Portland, ita ta na da shekara 19, shi kuma 25. Abin da amarya ba ta gama sani ba shi ne irin gidan da ta shiga. Takardun kotu na lokacin rabuwar iyayen Josh a farkon shekarun 1990 sun nuna cewa tun ya na matashi ya taɓa zare wa mahaifiyar sa wuƙa, ya kuma kashe wata 'yar dabba da ƙanwar sa ke kiwo. Babu wanda ya je binciken asali kamar yadda iyayen mu ke yi kafin a karɓi kuɗin gaisuwa, ko da yake mu ma ɗin yanzu binciken namu bai cika wuce irin motar da yaro ke hawa ba.

Babbar masifar farko ma ba daga mijin ta fito ba, daga uban miji ta fito. Ango da amarya sun zauna na ɗan lokaci a gidan mahaifin Josh, wato Steven Powell, sai dattijon nan ya kamu da son matar ɗan sa. Ya riƙa bin ta da kyamara ya na ɗaukar ta a ɓoye, ya na tsince kayan ta ya na adanawa, ya na cika littattafai da rubutu a kan ta, har waƙoƙi ya yi mata ya sa a intanet da sunan boge. A 2003 ya buɗe baki ya faɗa mata, ita kuma ta ƙi shi ƙememe. Mai karatu, ka auna wannan da al'adar mu inda matar ɗa ko sunan surukin ta ba ta iya faɗa. Ana ganin wannan ƙazanta na daga cikin dalilan da su ka sa su ka tattara su ka koma jihar Yuta a 2004, su ka zauna a West Valley City, kusa da birnin Salt Lake. A can ta haifi Charlie a 2005, sannan Braden a 2007.

Susan ta samu aiki a bankin Wells Fargo, kusan ita ke riƙe da gidan. Shi kuwa gogan naka yau ya kama wannan sana'a gobe ya saki, ga son sayen na'urori da kayan aiki. A 2007 ya kai kan sa kotu ya ce ya karye, da bashin da ya haura dala 200,000. Duk da haka albashin ta a hannun sa ya ke. Ƙawayen ta sun shaida cewa shi ke ƙayyade mata abin da za ta saya na cefane, ya kan hana ta motar gidan, har ta kai ta na hawa keke zuwa wurin aiki, ta na noman kayan miya a bayan gida don yara su samu abin ci. Babu wanda ya ce ya na dukan ta kullum. Irin zaluncin nan ne da ba ya barin tabo a fata, wanda idan mace ta kai kuka gida sai a ce ta yi haƙuri, ai bai taɓa lafiyar ta ba.

Ita dai ta san abin da ta ke gani. A ranar 28 ga Yuni, 2008, ta zauna a wurin aikin ta ta rubuta wasiyya da hannun ta, ta kai akwatin ajiya na banki ta kulle, ta rubuta a kai cewa kada a nuna wa Josh domin ba ta yarda da shi ba. A ciki ta ce ya yi mata barazanar zai ga bayan ta idan ta nemi saki, kuma 'ya'yan za su tashi ba uwa ba uba. Ta ƙara da cewa idan aka ji ta mutu, to ba lallai haɗari ba ne, ko da ya yi kama da haɗari. Wata guda bayan haka ta ɗauki kyamara ta zagaya gidan ɗaki-ɗaki ta na nuna kayayyakin su, ta na cewa ta yi hakan ne ko da wani abu zai same ta. Na kalli wannan hoton fiye da sau ɗaya. Babu kuka, babu kiɗan tausayi, muryar ta ƙalau kamar mai lissafin kayan ɗaki, yaro na bin ta a baya. Da a fim ne da na ce 'yar wasan ba ta shiga labarin ba. Ashe haka tsoro na gaske ya ke fita a bakin wadda ta saba da shi.

Yanzu sai mu zo ga ranar. Lahadi da rana Susan ta kai yaran coci ta dawo. Wata maƙwabciya ta shigo su ka zauna su na warware zaren saƙa. Josh, wanda ba a san shi da shiga kicin ba, ya soya musu fanke ya kawo wa kowa nasa. Can sai Susan ta ce ta gaji, za ta ɗan kwanta. Wajen ƙarfe 5 na yamma maƙwabciyar ta tafi gida. In ban da mijin da yaran, ita ce ta ƙarshe da ta ga Susan.

Washegari Litinin ba a kai yara gidan raino ba, Susan ba ta je aiki ba, Josh ma haka. Mai rainon ta kira dangi, mahaifiyar Josh da yayar sa Jennifer Graves su ka kira 'yan sanda. Da ya ke an kwana ana zuba dusar ƙanƙara, tsoron da aka ji shi ne ko hayaƙin na'urar ɗumama ɗaki ne ya kashe su a cikin barci, sai aka fasa taga aka shiga. Babu kowa. Jakar Susan na nan da katin shaidar ta da komai. A falo kuma ga fankoki biyu a kunne su na hura wani wuri mai danshi a kujera, alamar an wanke ta.

Sai yamma lis Josh ya dawo da yaran biyu, babu uwar su. Da ɗan sanda mai bincike Ellis Maxwell ya tambaye shi inda ya je, sai ya ce wai da misalin ƙarfe 12:30 na dare ya bar Susan ta na barci, ya kwashi yara ya tafi da su kwana a daji don nishaɗi, a wani wuri da ake kira Simpson Springs a hamadar yammacin Yuta, tafiyar kamar awa biyu, ka ce daga Birnin Kebbi zuwa Sakkwato. Jama'a, yaro ɗan shekara 4 da ɗan shekara 2, tsakar dare, cikin sanyin da ruwa ke daskarewa! Ko a sanyin mu na Janairu, wa zai ɗauki yara ƙanana ƙarfe goma sha biyun dare ya ce za su kwana a bakin Matan Fada don shan iska? Aka ce to aikin ka fa na Litinin? Ya ce ai shi ya ɗauka Lahadi ce. A cikin motar an samu janareta, da tamfol, da shebur, da jarkar mai, da barguna. An kuma samu wayar Susan, an cire mata layi. Alhali da rana ya kira wannan wayar ya bar mata saƙo kamar bai san inda ta ke ba.

Abubuwa su ka ci gaba da taruwa. An samu ɗigon jinin Susan a daɓen da ke kusa da kujerar. An gano inshorar rai ta kusan dala miliyan 1.5 a kan ta. An buɗe akwatin banki an ga wasiyyar. Da 'yan sanda su ka riƙe motar sa don bincike a ranar 8 ga Disamba, sai ya sulale ya je filin jirgin sama ya yi hayar wata, ya ɓace, da ya maido ta an ga ya ci mil 807, wato kimanin kilomita 1,300, kusan zuwa Kano da dawowa daga nan. Ina ya je? Bai taɓa faɗa ba. Cikin 'yan kwanaki ya kwashe kuɗin fanshon ta, ya soke ranakun ganin likitan ta, ya cire yara daga gidan raino. Mutumin da ke sa ran matar sa za ta dawo ba ya yin haka. Wasu da su ka san shi kuma su ka tuna ya taɓa hira a wurin wani biki kan yadda za a iya ɓatar da gawa a tsofaffin ramukan haƙar ma'adinai, waɗanda akwai dubban su a hamadar Yuta.

Abin da ya fi tsaya min a rai shi ne maganar yaran. Charlie ya gaya wa mai tambayar sa cewa Mama ta bi su dajin amma ba ta dawo tare da su ba, ta tsaya a inda duwatsu masu ƙyalli su ke. Daga baya Braden ya zana mota da mutum uku a ciki, da aka tambaye shi ina Mama, ya ce ta na cikin but. Sai dai maganar yaro ɗan shekara 4 ta kan haɗa gaskiya da mafarki, domin shi Charlien har jirgin sama ya ambata a labarin nasa. Lauya mai wayo minti biyar ya ishe shi ya wargaza ta.

Tambayar da kowa ke yi ita ce, da duk wannan, me ya hana a kama shi? 'Yan sandan West Valley sun bayyana shi a matsayin wanda su ke sa wa ido tun a tsakiyar Disamba 2009, amma su ka tsaya a nan. Su na jiran gawa. Wannan tsoro na yin shari'ar kisa ba tare da gawa ba ya na da tsohon tarihi a dokar Ingila, wadda Amurka da mu duk mu ka gada. A watan Agusta 1660 wani dattijo mai suna William Harrison ya fita karɓar kuɗin haya a yankin Chipping Campden bai dawo ba. Aka tsinci hular sa da wuyan rigar sa da jini. Baran sa John Perry ya amsa laifi, ya kuma jawo mahaifiyar sa da ɗan'uwan sa, aka rataye su ukun a 1661. A 1662 sai ga Harrison ya dawo garin da ƙafar sa, ya na cewa sace shi aka yi aka sayar da shi bawa a ƙasar Turkiyya. Tun daga nan alƙalai su ka riƙa ɗari-ɗari, aka shafe ɗaruruwan shekaru ana jin nauyin yanke hukuncin kisa in babu gawa a ƙasa. Ga kuma wata doka a Amurka da ta ce idan kotu ta wanke mutum kan wani laifi, ba a sake gurfanar da shi a kan sa, ko da gobe gawar ta fito. Don haka mai gabatar da ƙara harsashi ɗaya gare shi.

Na fahimci wannan uzuri, amma ban karɓe shi duka ba. An daɗe da wuce zamanin Harrison. Kotun Ƙoli ta Nijeriya ma ta sha faɗa cewa ana iya tabbatar da kisa ba tare da an ga gawa ba idan hujjojin da ke kewaye sun yi ƙarfi, kuma a kotunan mu akwai ƙa'idar cewa wanda aka gani na ƙarshe tare da mamaci shi zai yi bayanin yadda su ka rabu. A Ostiraliya, wata uwar yara biyu mai suna Lynette Dawson ta ɓace daga gidan ta a birnin Sidni a Janairu 1982, mijin ta Chris ya ce guduwa ta yi. Sai bayan shekara 40, a Agusta 2022, kotu ta same shi da laifin kisan ta, aka ɗaure shi shekara 24, kuma har lokacin ba a ga gawar ta ba. A kan Susan ma, lokacin da aka buɗe takardun binciken a 2012, mai gabatar da ƙara na gundumar Pierce a Washinton, Mark Lindquist, ya ce da a hannun sa maganar ta ke da ya gurfanar da Josh, domin a ganin sa komai akwai in ban da gawa. Sai dai ya faɗi haka ne bayan aikin gama ya gama.

A Janairu 2010, wata guda kacal da ɓatan matar sa, Josh ya kwashe kayan gida ya koma wurin mahaifin sa a Puyallup da yaran. Yayar sa Jennifer, wadda tun farko ta zarge shi, ta yarda 'yan sanda su ka ɗaura mata na'urar naɗar magana ta je ta tsare shi da tambaya, amma bai ce uffan ba. Daga nan shi da uban su ka buɗe wani sabon babi, wato ɓata sunan wadda ba ta nan balle ta kare kan ta. Su ka ce guduwa ta yi da wani mutum zuwa Birazil, don kawai wani saurayi ɗan Yuta ya ɓace a jihar Nebada a makon da ta ɓace. 'Yan sanda sun bincika ba su ga wata alaƙa ba. Su ka ce ta na da taɓin hankali. Su ka ce za su wallafa littattafan sirrin da ta rubuta tun ta na budurwa. A Agusta 2011 Steven ya fito a talbijin ya na faɗa wa duniya cewa ita ce ke yi masa kwarkwasa.

A nan ne labarin ya daina yi min kama da na Turawa. Mu ma mu na da kalmar da ke rufe irin wannan rami, ita ce yaji. Idan aka wayi gari ba a ga matar gida ba, kafin a ce komai an ce ta yi yaji. Miji ya ce ai ya ɗauka ta na gidan su, gidan su kuma su ɗauka ta na ɗakin ta, musamman idan aure ya kai ta wani gari, a ce 'yar Argungu a Legas ko 'yar Jega a Fatakwal. Kafin ɓangarorin biyu su haɗa baki an ci kwanaki, kuma kwanakin farko su ne zinariyar bincike. In ta ƙi fitowa sai zancen ya koma ta bi wani, ta shiga bariki, ko iska ce ta ɗauke ta. Kowanne daga cikin waɗannan ya na ɗora laifin a kan ta, ya sauke shi daga kan wanda su ka kwana ɗaki ɗaya. Iyaye kuma kunya ta hana su zuwa caji ofis, kada a ce sun kai suruki ƙara, sai a kai cigiya gidan rediyo a koma ga addu'a.

Ko a littattafan da ake karantawa a zauruka, irin su Risala ta Ibn Abi Zaid, an fi faɗaɗa bayani a kan mijin da ya ɓace: matar sa ta kai magana ga hukuma, a yi bincike, ta jira shekara 4, sannan ta yi takaba. Dalilin a fili ya ke, auren ta ne ke rataye. Idan kuwa matar ce ta ɓace, babu abin da ya rataye mijin, gobe ma zai iya ɗaura wani auren, don haka babu abin da zai tura shi gaban alƙali. In iyayen ta ba su tashi ba, babu mai tashi. Dokar Shaida ta Nijeriya ta 2011 kuma cewa ta yi idan aka shekara 7 ba a ji ɗuriyar mutum ba, kotu na iya ɗaukar ya mutu, amma wannan maganar gado ce da takardu, ba ta tambayar wa ya kashe shi. Sannan a ƙasar da ƙungiyar Red Cross ta duniya ta ce a 2019 ta na da rajistar mutum kusan 22,000 da su ka ɓace, yawancin su saboda rikicin Arewa maso Gabas, a ƙasar da aka ɗauke malamin jami'a Abubakar Idris Dadiyata daga gidan sa a Kaduna a Agusta 2019 duniya na ta magana amma shiru, wa zai tsaya wa matar aure guda ɗaya da mijin ta ya ce ta yi yaji?

Masu shirya fim ma ba su taimaka ba. A 2014 darakta David Fincher ya fitar da Gone Girl, inda mata ta ɓace, duniya ta zargi miji, ashe ita ce ta kitsa komai don ta ɗaure shi. A Drishyam na Indiya, wanda Ajay Devgn ya fito a na Hindi a 2015, mu na zaune mu na tafa wa jarumin da ya binne gawa a ƙarƙashin caji ofis. Finafinai ne masu kyau ta fuskar sana'a, ban musa ba. Amma su na koya wa ɗan kallo jiran wata murɗiya a ƙarshe, alhali a labarin Susan amsar da ta fi sauƙi tun daren farko ita ce dai 'yan sanda su ka tsaya a kai har ƙarshe.

Surutun Steven a talbijin shi ya jawo musu. A ranar 25 ga Agusta, 2011, 'yan sanda su ka shiga gidan sa neman littattafan Susan, sai su ka tarar da dubban hotunan mata da ya ɗauka a ɓoye, har da na wasu ƙananan 'yan mata biyu na maƙwabta da ya ɗauka ta taga. Aka kama shi a ranar 22 ga Satumba. Hukuma ta ɗauke Charlie da Braden ta miƙa su ga kakannin su na wajen uwa, aka bar wa Josh damar ganin su a gaban jami'ar kula da walwalar yara. Ya kama hayar wani gida a garin Graham don ya nuna ya rabu da gidan uban sa, kuma hukumar ta amince a riƙa kai masa yaran can maimakon a ofis. A ranar 1 ga Fabrairu, 2012, mai shari'a Kathryn Nelson ta ƙi maida masa 'ya'yan, ta ce sai likitoci sun binciki halayyar sa an kuma gwada shi da na'urar gano ƙarya.

Kwana huɗu bayan haka, ranar Lahadi 5 ga Fabrairu, jami'ar ta kawo yaran ziyara. Su ka ruga a guje su ka riga ta shiga, shi kuma ya rufe ƙofa a fuskar ta. Ta buga, ta roƙa, sai ta ji warin fetur. Ta kira lambar gaggawa ta 911. Wanda ya ɗauka ya shafe kusan minti 7 ya na yi mata tambayoyi, wace ce ita, wa ke kula da wa, wace irin mota ta zo da ita, har ya ce mata jami'ai sai sun fara zuwa inda rai ke cikin haɗari. Wannan muryar na nan a naɗe, kuma ban ba mai raunin zuciya shawarar ya saurara ba. Kafin 'yan sanda su iso, kimanin minti 20 da fara kiran, gidan ya kama da wuta. Binciken likita ya nuna ya sari yaran da ɗan gatari, sannan hayaƙi ya ƙarasa su ukun. Charlie na da shekara 7, Braden 5. Daga baya aka gano ya riga ya rabar da kayan wasan su, ya sayi fetur jarka biyu, ya tura wa lauyan sa da wasu dangi saƙon bankwana. A cikin saƙonnin babu inda ya faɗi inda Susan ta ke. Allah Sarki, abin da ta rubuta a 2008 bai ma kai abin da ya faru muni ba.

Saura mutum biyu da ake zaton sun san wani abu. Ƙanen Josh, Michael, ya sayar da motar sa ƙirar Ford Taurus ga 'yan gwangwan a garin Pendleton na jihar Oregon makonni kaɗan bayan ɓatan Susan. Da 'yan sanda su ka gano motar, kare mai sansano gawa ya tsaya a but ɗin ta, amma gwajin ƙwayoyin halitta bai tabbatar da komai ba. A ranar 11 ga Fabrairu, 2013, Michael ya faɗo daga saman wani benen ajiye motoci a birnin Minneapolis ya mutu. A watan Mayu na shekarar 'yan sandan West Valley su ka ce sun dakatar da bincike, su ka bayyana cewa sun yi imani Josh ne ya kashe ta, Michael kuma ya taimaka wajen ɓoye gawar. Steven ya yi zaman kurkuku har sau biyu kan hotunan nan, ya fito a 2017, ya mutu a Yuli 2018 bai ce komai ba. Akwai wata ma'ajiyar kwamfuta ta Josh da ya kulle da lambobin sirri, masana sun yi shekaru su na fama da ita.

Iyayen Susan sun maka hukumar kula da walwalar jama'a ta jihar Washinton a kotu kan sakacin da ya kai ga mutuwar jikokin su. A Yuli 2020 aka yanke musu diyyar dala miliyan 98.5, alƙali ya zaftare ta zuwa kashi ɗaya cikin uku, kotun ɗaukaka ƙara ta maido da ita a 2023. Wani ɗan jarida na gidan rediyon KSL, Dave Cawley, ya bi takardun binciken ɗaya bayan ɗaya ya fitar da dogon shirin sauti mai suna Cold a 2018, wanda ya sake tada maganar. An shiga ramuka da dama a hamada, an tono wurare a Yuta da Oregon. A 2022 wasu 'yan sa-kai sun haƙo ƙasusuwa daga wani tsohon rami, gwaji ya nuna ba na mutum ba ne.

An binne Charlie da Braden a kabari ɗaya a maƙabartar Woodbine da ke Puyallup. Da labari ya fito cewa dangin Josh na neman fili kusa da su don a binne shi, sai shugaban 'yan sandan gundumar Pierce da wani jami'in sa, tare da ƙungiyar Crime Stoppers, su ka yi sauri su ka saye filayen da ke dama da hagu na kabarin. Daga ƙarshe ƙona gawar Josh aka yi. A jikin dutsen kabarin yaran an sa hoton su tare da uwar su.